Dutsen Guga Babu Wuta

Duk wani ɗankwali da na mallaka ya shiga intanet, ni mai su ce kawai ban taɓa shiga ba. A kan yayata suka shiga, ɗaya bayan ɗaya, kuma in kina cikin matan da ke bin shafin Mama Mai Guga, to kin san su: mai ruwan ƙasa da ɗigo-ɗigo, da shuɗin nan mai bakin zare, da wani kore shar da na saya ban taɓa ɗaurawa ba don ya yi mini yarinta. Labarin mai ɗaura su nake so in bayar, domin abin da aka sani game da ita a waya bai kai rabi ba, kuma shi ma ɗan abin da aka sanin an bi shi da guga.

Yaya ta girme ni da 'yan shekaru kaɗan, amma tun muna yara ta naɗa kanta uwata. Ita ce mai shiru, ni ce mai surutu, har Mai Baki take kirana, kuma ban taɓa jin haushi ba don gaskiya ta faɗa. Tana budurwa ta samu aiki a ɗakin wanki na wani babban otal, can ƙarƙashin ƙasa, inda babu taga ko ɗaya, sai tururi da ƙugin injuna da ƙamshin sitaci. Tana wannan ɗaki ta yi aure, ta haifi 'ya'ya biyu, mijinta ya rasu ya bar ta da su, ta share hawaye ta koma kan teburinta. Baƙin otal ɗin ba su taɓa ganin fuskarta ba, ita ma ba ta san tasu ba. Lambar ɗaki kawai ta sani. Duk ƙullin kayan da aka sauko da shi, tambayarta ɗaya ce: "Ɗaki nawa?" Sai ta maƙala lambar a wuyan riga da ɗan fil, ta ce a dawo jibi.

Amma ta san mutane ta kayansu fiye da yadda iyalinsu suka san su. Takan dawo gida ta ba ni labarin wani babban mutum da ke goge takalmi da tawul ɗin fuska, ko wata baƙuwa da ke kuka a kan filo har kwallinta ya zauna a jikin rigarsa. Ba ta zagin kowa. Ni nake zagin su a madadinta, ita tana jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi tana dariya ƙasa-ƙasa.

Akwai dokar da ta kafa a gidanta, kuma dalilinta yana nan a hannun ɗanta har yau. Dogo, babban ɗan nata, yana rarrafe ya kama fuskar dutsen guga lokacin da ta juya ɗauko ruwa. Tabon ya zauna masa a tafin hannun hagu. Yaron ya manta, uwar ba ta manta ba. Tun daga ranar ba a taɓa fuskar dutse a gidan Yaya, ko da kuwa ya kwana a sanyi. Ita kanta in za ta gwada zafinsa, yatsa ɗaya take lasa ta ɗan taɓa, ya ce tas, ta janye. Dogo ya sha dundu a kan wannan doka har gemu ya fara fito masa.

Da ya girma ya tafi wata ƙasa mai nisa neman aiki, irin nisan da ba a zuwa gida sai an yi shekaru ana shiri. Ya ce shi ma a otal yake, amma a ofis. Yakan aiko da hotonsa a gaban wani dogon gini na gilashi, da kwat da agogo, Yaya ta riƙe wayar nesa da ido tana cewa, "Kin gani ko, Mai Baki? Ni na yi ƙasa, shi ya yi sama." Sai kuma ta matso da wayar ta duba kwalar rigarsa, ta ce wanda ya goge masa ita bai san aikinsa ba.

Ƙanwarsa ce ta zauna da uwar. Auta ake ce mata, amma ni Manaja nake kiranta, kuma sunan ya bi ta. Ta gama karatu, ta zaga ofisoshi har takalminta ya ƙare, babu aiki. A lokacin Yaya ta bar otal saboda ciwon gwiwa, tana ɗan karɓar gugar maƙwabta a gida. Wata rana matar tela da ke bene ɗaya da su ta kawo farar rigar mijinta da tabon tsatsa a aljihu. Yaya ta matsa lemun tsami, ta barbaɗa gishiri, ta shanya a rana, tabon ya tafi. Manaja na zaune tana latse-latsen waya, ta ɗauki abin a bidiyo don wasa, ta ɗora. Kafin mako ya zagayo, matan da ba mu taɓa sanin da zamansu a duniya ba suna kiran yayata Mama.

Yadda take buɗe kowane bidiyo ba wanda ya koya mata. Haka take cewa da sababbin ma'aikata a ɗakin wanki, haka take cewa da 'ya'yanta in za ta raba musu wani abu: "Sannunku 'ya'yana, ku matso kusa." Ta nuna yadda ake ninke zanin gado mutum ɗaya, da yadda ake fitar da tawada daga aljihu, da yadda ake sa wa wando kari ba tare da ya yi ƙyalli ba. Matar da ta yi rayuwarta a ƙarƙashin ƙasa babu mai ganinta, yau ga ta ana tsayar da ita a bakin titi ana neman hoto. Ba zan ɓoye ba, ta ji daɗi, ni ma na taya ta ji.

Gidan nasu ɗaki biyu ne da falo a saman bene, ni ina ƙasansu. Rufin yana yoyo tun kafin su tare, bango uku na falon sun kumbura, fenti na zubowa. Manaja ta zaɓi na huɗun. Ta sa aka kankare shi, aka shafa masa fari tas, aka kafa kanta, ta jera tawul-tawul a ninke, fari da ruwan toka, da furen roba a cikin kwalba. Ta sayo wata fitila mai kama da zobe. Waɗannan tawul ba su taɓa goge jikin ɗan Adam ba. Na taɓa zarar ɗaya zan goge hannu, yarinyar nan ta yi tsalle kamar na taka mata ƙafa. Taku ɗaya daga inda hoto ya ƙare, bokitin tarar ruwa ne, sai tulin kayan da ba a wanke ba, sai katifar Manaja a jingine da bango.

Mata suna rubutowa, "Kai, gidan Mama kamar otal." Wata ta ce ta nuna wa surukarta don ta koyi tsafta. Wata ta ce ta yi kuka don ita uwarta ba ta koya mata komai ba. Har matar tela, wadda ke zuwa aron bokitin nan in nata ya cika, sai da ta rubuta, "Allah ya ba mu gida irin wannan." Na tare ta a matattakala na ce, "Ke, ai ya ba ki, har da yoyon." Ta ce, "To ai a waya ya fi kyau."

Da wani kamfanin sabulu ya fara ba su talla, aikin ya zama aiki. Manaja ta fito da abin da take kira ranar girbi. Maimakon a ɗauka kullum, sai a ware rana guda a ɗauki bidiyo da yawa a jere, ana canja wa Yaya riga da ɗankwali tsakanin kowane biyu, don ya zama kamar ranaku ne daban-daban. Daga nan ta jera su a waya, ta saita wa kowane lokacinsa, su riƙa fita da kansu duk ƙarshen mako. Ta haka ɗankwalayena suka shiga harka, don na Yaya sun ƙare tun a girbi na biyu.

Abu na farko da ya nuna mini Yaya ta fara canjawa rigar tela ce. Yaya ta ƙone ta, shatin dutse sak a baya. Matar da ta yi shekara da shekaru a otal ba ta taɓa ƙona ko hankici ba, na same ta tsaye tana kallon hayaƙin kamar wani ne ya yi. Daga nan ta fara neman tabaronta yana fuskarta. Ta sa takalmi a firji. Wata safiya na gamu da ita a ƙofar gida da jakarta, ta ce ta makara, shugaban ɗakin wanki zai yi faɗa, mutumin da ya daɗe da rasuwa. Muka kai ta asibiti. Likita ya yi mata tambayoyi, ya sa ta zana agogo, ta kasa jera lambobin. Ya ce ciwon mantuwa ne, ba ya komawa baya, magani dai yana ɗan rage masa gudu.

A hanyar dawowa hankalinta yana jikinta sarai. Ta kama hannun Manaja a cikin mota ta ce, "Kada ki gaya wa Dogo. In ya ji zai bar aikinsa ya taho, kuma irin wannan aiki ba a samunsa sau biyu. Ki yi mini alkawari." Yarinyar ta yi. Yaya ta juyo gare ni, na kau da kai ina kallon titi. Ta ce, "Ke na san ki, ko kin yi ma ba cikawa za ki yi ba."

Ban yi ba kuwa. Da muka isa gida na kira Dogo na gaya masa komai. Sai dai ina da wani tarihi a gidan nan. Sau biyu a baya na taɓa tayar masa da hankali a kan zazzaɓin da ya warke kafin ya gama neman izinin tafiya. Ya saurare ni cikin ladabi ya ce, "Inna, ai jiya-jiya na ga sabon bidiyonta, tana ninke labule tana ba da dariya. Tsufa ne kawai, kowa yana mantuwa." Ya kira ƙanwarsa, ta ce masa Mama lafiya lau, Inna ce dai da halinta.

Ni kuma abu ɗaya nake so, kuma shi na sa a gaba tun daga wannan rana: yaron nan ya zo ya ga uwarsa tun tana iya kiran sunansa.

Manaja kuwa, da ta ji likita ya ce abin gaba zai yi, sai ta shiga girbi ba ji ba gani. Ta ce dole a tara tun ana iyawa, don da shafin ake sayen maganin, da shi ake cin abinci. Ta cire wa dutsen guga wuta. Igiyar tana bi ta bayan tebur kamar an jona, amma ba a jona ta da komai ba. Ni ce nake goge rigar a ɗaki tukuna, a kawo ta a shimfiɗa, Yaya ta bi ta da dutse mai sanyi tana murmushi. Manaja na tsaye bayan fitila tana ba ta magana guntu-guntu.

"Mama, ki ce, a fara da kwala."

"A fara da kwala."

"Ki ce, sannan hannuwa."

"Sannan hannuwa. Yarinya, ke sabuwa ce a nan?"

Sai a yanke wannan, a haɗa sauran. In kika kalli abin da ya fito, za ki rantse babu abin da ke damun matar nan. An tara bidiyo masu yawan da za su kai shekara suna fita, har da ƙari. Na yi faɗa, na yi zagi, na ce ba zan ƙara ba da ɗankwali ba. Washegari na kawo su da kaina, don in ban kawo ba, haka za a ɗauke ta da nata da suka koɗe.

Na so in tsani yarinyar nan, na kasa. Ita ke yi wa uwar wanka, ita ke ba ta abinci a baki, ita ke wanke zanin gado in uwar ta ɓata shi, ta shanya a bayan gida don kada maƙwabta su gani. Ta rame har wuyanta ya fito. In ta samu ta zauna, sai ta ɗauki waya ta shiga amsa wa mata tambayoyi da muryar uwarta: "'Yata, ki jiƙa shi a ruwan sanyi tukuna." Yarinyar da ko hankici ba ta iya ninkewa daidai ba. Wani lokaci takan leƙo ɗakina ta ce, "Inna, me ke fitar da tabon man mota?" In ce ban sani ba, uwarki ce ta sani. Sai ta koma sama da wayarta.

Da na ga baki bai yi mini aiki ba, sai na ce to bari in nuna wa Dogo da idonsa. Ina da 'yar wayata mai ɗaukar hoto. Na hau sama da hantsi, na sami Yaya zaune a bakin gado, cokali a hannu, tana jujjuya shi, ta rasa ta wane gefe ake kai shi baki. Idonta babu kowa a ciki. Na ɗaga waya a hankali na saita ta. Tana ganin wayar a gaban fuskata, sai ta miƙe zaune, ta gyara ɗankwali, fuskar nan ta washe, ta ce, "Sannunku 'ya'yana, ku matso kusa." Har da ɗaga cokalin ta ce a riƙa goge shi da busasshen tsumma don kada ruwa ya bar masa tabo.

Na sauke wayar. Kafin in sa ta a jaka, hasken ya ɗauke daga fuskarta, ta koma jujjuya cokali.

Na gwada washegari, na gwada bayan mako. Kullum haka. Matar da ta manta sunan unguwarsu, ta manta ta ci abinci ko ba ta ci ba, ba ta manta cewa in an ɗaga waya ana murmushi ba. Na yi dabarar ɓoye wayar a cikin mayafina, abin da na ɗauko shi ne silin da ƙarar fanka da numfashina. Na aika masa hakan nan, ya rubuto, "Inna, rufin ne yake yoyo har yanzu? Zan ga abin da za a yi." Na zauna a matattakala na yi kuka don takaici. Ga ciwo a gabana ƙiri-ƙiri, amma na rasa yadda zan nuna shi.

Ko kiran da yake yi ta bidiyo bai taimaka ba. Manaja takan zaunar da uwar a gaban farin bangon nan, ta kunna fitila, ta riƙe wayar. Yaya ta ce, "Sannunku 'ya'yana." Dogo ya yi dariya ya ce, "Mama an zama tauraruwa, ni ma yanzu 'ya'yana ne." Ya tambaye ta gwiwa, ta ce a riƙa juya wando kafin a goge. Ya ce Mama ba ta rabo da wasa. Kafin a kai ko'ina an kira shi bakin aiki, ya ce sai wani makon. Ina tsaye daga gefe, wajen bokiti, inda hoto ba ya kaiwa. Sau ɗaya na kutsa kai na ce, "Dogo, tambaye ta sunanka." Manaja ta ce layin ba shi da kyau, ta kashe.

Haka aka yi ta tafiya. A waya Yaya tana ƙara ƙuruciya, yau da koren ɗankwali, wani mako da shuɗi, mabiya suna ƙaruwa. A gida kuma ta daina kirana Mai Baki. Ta koma ce mini baiwar Allah, ta tambaye ni ko an kawo kayan hawa na uku. Ranar da ta fara yi mini haka na ce, "Yaya, ni ce fa." Ta ce, "To, sannu da zuwa," irin yadda ake gaida baƙo. Girbi ma ya tsaya, don ta kai inda ba ta iya maimaita abin da aka faɗa mata, sai gaisuwar buɗewa kawai da 'yan kalmomin da suka zo mata. Amma rumbun Manaja a cike yake, bidiyo bai fasa fita ba ko mako ɗaya.

Abin da bakina ya kasa, kuskuren Manaja ne ya yi shi. A wani bidiyo, wajen ƙarshe, Yaya ta jingine dutsen a tsaye, tana magana, ta ɗora tafin hannunta a kan fuskarsa, ta bar shi a can kamar wadda ta dafa tebur. Idon Manaja ya gaji, bai kama ba, abin ya fita haka. Mabiya suka ɗauka abin mamaki ne. "Hannun Mama ya saba, wuta ba ta cin sa." "Wannan shi ake kira ƙwarewa." Wata ma ta ce ta gwada a gida ta ƙone, aka taru aka yi mata dariya.

Da rana tsaka wayata ta yi ƙara. Dogo ne. Ko gaisuwa bai gama ba ya ce, "Inna, dutsen nan babu wuta, ko?"

Na ce, "Babu."

"Mama ba ta ɗora tafi a fuskar dutse. Ko mai sanyi ne ba ta ɗorawa."

"Na sani."

Sannan ya ce, "To tun yaushe abin ya kai haka?"

Na ce, "Dogo, wannan da ka gani tun bara aka ɗauke shi. Wannan ita ce mai sauƙin."

Bai samu tahowa nan take ba. Sai da aka yi ta jan sa a kan izini, daga baya na ji ajiye aikin ya yi gaba ɗaya, abin da uwar ta guda tun farko. Ya iso wata ranar da aka wuni ana ruwa. Na tare shi a ƙofar bene, na kama hannunsa don in taya shi da jaka, sai na ji tafin kamar buhu. Na duba. Fatar ta yi fari-fari, ta tsattsage a tsakanin yatsu, farcen sun cinye. Na san irin wannan hannu, na girma ina ganinsa a jikin yayata, kuma ba a ofis ake samunsa ba. Ya ga na gani, ya sa hannun a aljihu. Ni Mai Baki, jakar kawai na ɗauka na yi gaba.

Ya shiga falon ya tsaya. Ya dubi farin bangon da ya sani, da tawul ɗin da ya sani, sannan ya juya ya ga sauran ukun, da bokiti yana karɓar ɗigo. Manaja na tsaye a ƙofar ɗaki, ta haɗa hannuwa a ƙirji, tana jiran faɗa. Ya dube ta, ya ga yadda ta koma, bai yi faɗan ba. Ya ce, "Auta, sannu." Ta rufe fuska da mayafi.

Yaya na zaune a bakin gado tana ninke wani tsumma, ta warware, ta sake ninkewa. Ya durƙusa a gabanta ya ce, "Mama, na zo."

Ta dube shi sama da ƙasa, ta dubi jakar da ke gefensa. Ta ce, "Ɗaki nawa?"

"Mama, ni ne. Dogo."

"Ajiye kayan a can, ka dawo jibi."

Ya buɗe tafin hannunsa na hagu ya nuna mata tabon. Ta kama hannun, ta duba shi da kyau. Ta shafa wurin da babban yatsa. Ta ce, "Wannan ya daɗe, ba zai fita ba." Ta sake shi, ta koma kan tsummanta.

Ya kwana biyu yana gwada duk abin da ya sani. Ya ba ta labarin babansu, ya yi mata waƙar da take yi musu suna yara, ya kawo rigarsa ya goge a gabanta, ya fara da hannuwa da gangan ko za ta yi masa faɗa. Ba ta ɗago ba. In ya matso sosai sai ta ja mayafi ta rufe jiki, ta tambaye ni a hankali wane ne ya bar baƙo ya sauko ɗakin wanki. Ina ji ina gani, babu abin da zan iya yi wa ɗayansu.

A rana ta uku da la'asar na hau da abinci, na same shi zaune a ƙasa ya jingina da gado. Wayarsa na gefe, cajinta ya ƙare tun safe bai kula ba. Ya dube ni ya ce, "Inna, da na kira ta a waya tana yi mini magana."

Na ce, "Tana yi."

Ban ce ya yi ba, ban ce kada ya yi ba. Ya ɗauki wayar, baƙa ƙirin, babu ko ɗigon haske a jikinta. Ya gyara durƙuso a gabanta, ya ɗaga ta daidai fuskarsa, har ta rufe masa ido da hanci.

Yaya ta ajiye tsumman. Ta miƙe zaune, ta taɓa ɗankwalinta, koren nan nawa ne ma a kanta. Fuskar ta washe kamar yadda take washewa in ya dawo daga makaranta yana yaro. Ta ce, "Sannunku 'ya'yana, ku matso kusa."

Daga bayan wayar ya ce, "Na'am, Mama. Ga ni."

Ya matso da gwiwa har ya taɓa ƙafarta. Ta shiga gaya masa a riƙa raba farare da masu launi, kada a bar jiƙaƙƙen kaya su kwana a bokiti, kuma a yi hankali da dutse in akwai yaro a gida. Yana cewa to, to. Hawaye na bin haɓarsa suna ɗiga a rigar da ya goge, bai share ba, don hannu ɗaya na riƙe da waya, ɗayan yana kan gwiwarta. Da hannun daman ya gaji, sai ya mayar da wayar zuwa na hagu, a hankali, yadda ba za ta sauka daga fuskarsa ba.